Ranar da Ƙarfe Bai Yi Ƙara Ba

A wani ƙauye kusa da Deule, cikin ƙasar Buza, akwai wata yarinya mai shekara goma sha biyu. Tana aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma ba ta son a yi mata dariya ko kaɗan.

Ƙauyensu yana gindin tudu. Gonakinsu kuma suna ƙetaren wata babbar korama. Da rani koramar yashi ce zalla, yara ma a ciki suke wasa. Da damina kuwa abin tsoro ce. In ruwa ya sauka a kan duwatsun gabas, sai ya taru ya gangaro a guje. Sau da yawa yakan iso ana rana a ƙauyen, ko ɗigo bai sauka ba.

Shi ya sa aka rataye wani tsohon ƙarfen ƙafar mota a kan tudun. Daga can ana hango gabas sosai. Mai tsaro in ya ga hadari ya sauka a kan duwatsu, sai ya buga ƙarfen. Duk wanda ya ji, ya san kada ya shiga korama.

Shekara ashirin kakan yarinyar, Baba Takawa, yana wannan tsaro. A daminar 1994 idanunsa suka yi yana, har ya daina gane mutum daga nesa. Aka kai shi asibitin mishan, can wajen Madawa, don a yi masa aiki.

Maigari ya mai da tsaron hannun Mushe Ezekiyel, malamin lakwal. Shi ɗan garin ne, ba ya zuwa ko'ina da hutu. Yana kuma da rediyo da yake jin labarin yanayi kowace safiya.

Mushe ya tara manyan ɗalibansa a gindin itacen bedi. Ya nuna musu wata ƙaramar guduma da wata faffaɗar malafa.

Ya ce, "Daga yau aikin ga namu na. Na raba maku kwanaki. Wanda guduma take hannunshi, shi na mai tsaro. Ba ya sauka daga tudu sai ya sa ta a hannun wani. Hannu da hannu. Kun ji?"

Suka ce, "Mun ji, Mushe."

Wani yaro mai suna Lurwanu ya ɗaga hannu. Shi ne mai ba aji dariya, kullum sai ya manta wani abu a gida. Ya ce, "Mushe, malafar fa ta mi ce?"

"Ta rana ce. Kan tudu babu itace. Maryamu, wadda take jinyar Baba Takawa, ta ce rana ta taimaka wajen ɓata mashi ido. In inuwarka ta hi ka gajarta, to lokacin rana take cin ido da fata. Ko da gajimare kada ku cire ta."

Sati biyu aikin yana tafiya daidai.

Wata Talata aka kira Mushe taron malamai a Buza. Ranar kuwa yarinyar ce da tsaro daga hantsi zuwa la'asar. Daga nan sai Lurwanu ya karɓa.

Kafin ya hau kekensa, Mushe ya ba ta guduma da malafa. Ya ce, "Rediyo ta ce yau za a yi rana mai zahi, hadari kuma sai wajen marece. Amma rediyo ƙiyasi take yi. Ke ki sa ido gabas."

"To, Mushe."

Ta kifa malafa a ka, ta kama hanyar tudu. Hanyar ta bi ta bakin rijiya, inda ƴan mata suke ɗiban ruwa. Wata ƙawarta, Furera, ta hango ta, ta saki guga tana dariya.

"Ku dibi tsoho mai kiwon raƙuma. Baba, ina garken naka?"

Duk suka kwashe da dariya. Yarinyar ta ji kunya ta rufe ta. Tana shan kwana ta cire malafar, ta cusa ta cikin wani kurmin sabara. Ta hau tudu da ɗankwali kawai.

Da farko ba ta ji komai ba. Ta zauna a kan dutse tana kallon manoma can ƙetare, ƙanana kamar tururuwa. Rana ta yi ta hawa. Inuwarta ta yi ta gajarcewa, har ta dawo ƙarƙashin ƙafafunta.

Dutsen ya yi zafi, zama ya gagara. Idanunta suka fara yaji. Kanta ya shiga sara. Ta shanye ruwan gorarta tun kafin azahar.

Ta tuna da malafar. Amma in ta sauka ɗauko ta, wata ƙila ƴan matan suna nan. Ta fasa.

Da aka kira azahar ta dubi gabas. Wani ɗan farin gajimare ne kawai a kan duwatsu.

Ta ce a ranta, "Ai rediyo ta ce sai marece. Da wannan rana wane ruwa zai zo? Bari in kai wa Lurwanu guduma, ya hau da wuri."

Ta sauka. Ta yi sallama a ƙofar gidan su Lurwanu, ba a amsa ba. Ta sake yi, shiru. Sai ta jingina gudumar a bakin zaure, ta wuce gida. Ta shiga ɗaki ta kwanta, barci ya ɗauke ta.

Wata ƙara ce ta tashe ta, kamar manyan motoci goma suna tafe tare. Ta fito da sauri. Rana tana nan a sama, amma gabas ta yi baƙi ƙirin. Mutane suna gudu wajen korama, ta bi su.

Jan ruwa ya cika koramar baki da baki. Yana tafe da itatuwa da karan dawa. A tsakiya ga wani mutum ya rungume reshen gawo. Kalla ne, baban Lurwanu. Ya taso daga gona da amalankensa, bai ji ƙarfe ba, ya shiga.

Samari suka jefa masa igiya. Da ƙyar suka jawo shi. Ƙafarsa ta dama ta karye, don ruwa ya haɗa ta da dutse. Jakinsa da amalanken kuwa ba a sake ganinsu ba.

Da aka tafi da Kalla asibiti, maigari ya tara mutane a ƙofar gidansa. Mushe Ezekiyel ya dawo ke nan, ko kekensa bai ajiye ba.

Maigari ya ce, "Wa ke kan tudu yau?"

Kowa ya juyo ya dubi yarinyar.

Ta ce, "Kaina ya yi ciwo. Na sauko na ba Lurwanu guduma."

Mushe ya ce, "A hannunshi kinka sa ta?"

Ta dubi ƙasa. "I, Mushe."

Lurwanu ya buɗe baki. "Ni ban gan ta ba. Ina bakin rijiya ina shayar da awaki. Wallahi ban gan ta ba."

Maigari ya aiki wani mutum. Ba a jima ba ya dawo da gudumar. Ya ce a bakin zauren su Lurwanu ya same ta.

Wata tsohuwa ta ce, "Yaron ga dama haka yake. Wata rana kanshi zai manta a gida."

Babu wanda ya ƙara sauraren Lurwanu. Ya tsaya yana duban yarinyar, hawaye suna zubo masa. Ita kuwa ba ta ɗaga kai ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Mushe ya cire Lurwanu daga masu tsaro. Yara suka daina wasa da shi. In ya wuce sai a nuna shi da baki, a ce ga wanda ya karya ƙafar ubansa. Shi da yake cika unguwa da dariya, ya koma ba ya ko ɗaga murya. Daga baya ya bi babansa asibiti don ya yi jinyarsa.

Gonar Kalla ta cika da ciyawa. Lokacin noma ne, kowa yana fama da tasa. Geron ya yi rawaya, ciyawa ta shaƙe shi. Kullum yarinyar sai ta bi ta gefen gonar in za ta kai wa babanta fura. Takan kau da kai ta ƙara sauri.

Abinci ya daina shiga mata. In an zuba tuwo sai ta yi ta juya loma.

Innarta ta ce, "Ke, mi ke damun ki?"

"Ba komi, Inna."

"Tun ranar da rana ta buge ki ba ki dawo daidai ba. Gobe za ni duba kakanki. Sai mu tahi tare a duba ki."

Washegari suka shiga motar kasuwa. Sai da rana ta take suka isa asibitin. Innarta ta tsaya gaisawa da Maryamu, ma'aikaciyar jinya. Yarinyar ta bi baranda tana leƙa ɗakuna, tana neman kakanta.

A ɗaki na uku ta hango Kalla. Yana kwance, an ɗaure ƙafarsa da farin siminti. Lurwanu yana durƙushe a gefen gado da kwanon koko.

Ya ce, "Baba, ka sha ko kaɗan."

Kalla bai ko dube shi ba. Ya juya fuskarsa bango.

"Baba, ya huce."

"Aje shi. In mai jinya ta zo ta ba ni."

Lurwanu ya ajiye kwanon a hankali. Ya koma ƙasa ya zauna, ya kifa kai a kan gwiwa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo.

Yarinyar ta ja da baya kafin su gan ta.

Baba Takawa yana ɗakin ƙarshe. An rufe masa ido ɗaya da auduga, ɗayan kuma bai gani sosai. Amma yana jin takunta ya yi murmushi. Ya ce da ita irin wasan kaka da jika, "Uwargida, sai yau kinka tuna da ni?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya laluba ya kama hannunta.

"Hannun ga ya yi sanyi. An ce ke ce kan tudu ranar da ruwa ya ci jakin Kalla."

"Ni ce, Kaka."

"Ba ni labari. Ni tudun ga na san shi kamar tahin hannuna. Yaushe kinka sauko?"

"Da azahar."

"Mi kinka gani gabas?"

"Ɗan gajimare fari."

"Irinshi na ke zama hadari kahin ka gama alwala. To, da kinka ba yaron guduma, mi ya ce maki?"

Ta kau da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Ai mutum in an ba shi abu yakan ce wani abu. Ko to, ko a'a. Shi mi ya ce?"

Sai ta fashe da kuka. Ta gaya masa komai: dariyar Furera, da malafar da ta ɓoye, da sallamar da ba a amsa ba. Innarta ta shigo ana tsakiyar maganar. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe baki.

Baba Takawa ya gyara zama. Ya saki hannunta.

Ya ce, "Saukowa daga tudu kuskure na. Rana ta buge ki, ke yarinya ta. Amma abin da kinka yi wa yaron ga, kin san kina yi. Kwana goma sha biyu ubanshi bai karɓi ruwa a hannunshi ba. Ina jin su daga nan."

"Kaka, tsoro nike ji."

"Na sani. Tashi ki tahi da tsoron naki. Ɗaki na ukku."

Innarta ta ce, "Tashi. Zan raka ki, amma ke za ki yi magana."

Barandar ba ta da tsawo, amma yarinyar ta ji kamar ba za ta ƙare ba. Ta yi sallama, ta durƙusa a gaban gadon Kalla.

Ta ce, "Baba Kalla, ƙarya na yi. Ban ba Lurwanu guduma ba. A bakin zaure na aje ta, ba kowa gidan. Ni na bar tudu. Laihina na."

Sauran marasa lafiya suka juyo.

Kalla ya ɗago a hankali. "Sake hwaɗi."

Ta sake faɗa.

Kalla ya dubi ɗansa. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙa hannu ya ce, "Lurwanu, ba ni kokon ga."

Lurwanu ya miƙa masa da hannu biyu. Kalla ya sha, kokon da ya riga ya yi sanyi, bai bar ko kaɗan ba. Ya dafa kan yaron.

Ga yarinyar kuwa ya ce, "Ƙahwa za ta warke. Jaki Allah shi ba ni wani. Amma kin sa na ƙi ɗana kan abin da bai yi ba. Wanga ya hi mani ciwo. Tahi, yau ba ni iya ce maki komi."

Ta juya wajen Lurwanu. "Ka yahe mani."

Lurwanu ya juya ya dubi bango.

Ranar ita da innarta suka koma gida.

Washegari babanta ya kai ta ƙofar maigari. Ta sake faɗar gaskiya a gaban jama'a. Wasu suka yi tsaki. Tsohuwar nan da ta zargi Lurwanu ta ja mayafi ta rufe fuska. Furera ta sunkuyar da kai.

Sai Mushe Ezekiyel ya miƙe. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ma da nawa laihi. Ni anka ba aikin ga. Na bar yarinya ita ɗaya a kan dutse cikin rana. Na kuma hukunta yaro ban bincika ba."

Maigari ya ce, "To mu gyara. Daga yau babba ɗaya da yaro ɗaya a kan tudu. Kuma a yi masu rumhwa."

Yarinyar ta ce, "Ranka shi daɗe, gonar Baba Kalla ciyawa ta ci ta. A bar ni in yi noma."

Wani ya ce, "Ke ɗaya? Sai kaka ba ki gama ba."

Mushe ya ce, "Ba ita ɗaya ba. Duk ajinmu za mu."

Haka aka yi. Kullum da sassafe ɗalibai sukan fita da hauyoyi, Mushe a gaba. In rana ta ɗaga sai su tashi, su dawo bayan la'asar. Yarinyar ce take fara zuwa, ita ce take ƙarshen tashi. Tafin hannunta ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Ba ta yi ƙorafi ba. A kwana shida suka gama noman fari. Da lokacin maimai ya yi suka sake komawa.

Lurwanu ya dawo daga asibiti ya same su a gonar. Ya ɗauki hauya ya kama kuyya, wato layin shuka, can nesa da ita. Kwana uku bai yi mata magana ba. A rana ta huɗu ya zo ya tsaya yana kallon aikinta.

Ya ce, "Haka ake noma? Kin sare gero kin bar ciyawa."

Ta duba da sauri. Ba ta sare komai ba. Ta ɗago ta ga yana danne dariya.

Ta ce, "Ka yahe?"

"Na yahe. Amma ki bar sare muna gero."

Geron ya farfaɗo. Bai kai na bara ba, amma ya yi kai mai kyau. Ranar da aka ɗaure dammuna, Kalla ya zo gonar yana dogara sanda. Baba Takawa ma ya zo, idonsa ya buɗe, yana gaida kowa da sunansa tun daga nesa.

Kalla ya zagaya dammunan yana taɓa su. Sannan ya kira yarinyar. Ta zo ta durƙusa.

Ya zaro zangarniya mafi girma ya miƙa mata. Ya ce, "Ranar nan na ce ba ni iya ce maki komi. Yau ina iyawa. Na yahe maki, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka."

Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Amin, Baba." Ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari, innarta tana dariya.

Tun daga lokacin yarinyar ta riƙe darasinta. In an ba ka amana, kada ka sake ta sai ka tabbata wani ya karɓa. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, kada ka ɗora laifinka a kan wanda bai ji ba bai gani ba.